Kati na fitowa a karkace: in ci bashi in sayi sabuwar firinta?

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wani ɗan'uwa mai shagon buga katin biki, kalanda da sitika a unguwar Sabon Gari, nan Damagaram. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Da manhajar zane ta CorelDRAW nake aiki. A fuskar kwamfuta komai tsaf, amma in na buga sai rubutu ya matsa gefe, gaba da bayan kati ba sa haɗuwa, launi kuma ya dushe. Cikin wata biyu na yi asarar kusan jika 45 a kwali da tawada. An yi mini tayin wata babbar firinta a kan jika 600, biya sannu sannu. In karɓa?"

Malam, Allah ya mayar da alheri. Amsata ita ce kada ka karɓa tukuna. Mu fara da lissafin da kai ka kawo. Jika 45 a wata biyu, wato jika 22 da rabi ke nan kowane wata. Ko da sabuwar na'urar za ta share wannan asara gaba ɗaya, sai ka yi kusan wata 27 kafin ta mayar maka da kuɗinta, ban da tawadarta da kuɗin kuran da za ta ci. Kuma ina da shakkar cewa ita ce maganin, domin abubuwa ukun da ka lissafa, biyu daga ciki galibi a cikin fayil ake haifarsu. In haka ne, ranar da aka sauke maka sabuwar a ƙofar shago, za ta buga maka kuskuren nan dai, illa iyaka ta fi saurin buga shi.

Akwai gwajin da ba zai ci maka fiye da takarda biyar ba. Buɗe sabon shafi A4, ka tabbata girmansa milimita 210 a 297 ne. Zana murabba'i mai milimita 100 kowane gefe, ka danna harafin P a kwamfuta ya zauna a tsakiyar shafi, ka buga, ka ɗora rula a kai. In ka auna ka ga ya gaza 100, to wani wuri ana ƙanƙanta maka aiki. Mai laifin da na fi kamawa shi ne zaɓin nan na daidaita aiki da takarda a lokacin bugawa. In daga PDF kake bugawa da Adobe Reader na Faransanci, za ka ga "Ajuster" da "Taille réelle". Na biyun kake so, wato ɗari bisa ɗari. Sai kuma girman takarda a saitin firintar kanta. Kwamfutoci da yawa da ke shigo mana na hannu suna zuwa ne da ma'aunin takardar Amurka, mai faɗin milimita 216 da tsawon 279. Ta fi A4 faɗi, ta gaza ta tsawo, don haka tsakiyarta daban, tsakiyar takardar da ke hannunka daban.

Sauran takardun huɗu na gwajin gaba da baya ne. Sa ƙaramin gicciye a tsakiyar shafi na ɗaya da na biyu, ka buga fuska biyu, ka fita bakin ƙofa ka ɗaga takardar ga rana. Nan ne za ka gane ko na'ura ce ko ba ita ba. In gocewar iri ɗaya ce a duka huɗun, misali kullum milimita 2 zuwa dama, ka huta: matsar da zanen baya da milimita 2 ɗin, ka adana shi a matsayin shafin da za ka riƙa farawa da shi. In kuwa kowace takarda da tata gocewar, robar da ke jan takarda ce ta yi santsi, ko kuma ƴan sandunan da ke riƙe gefen takarda a tire sun saki. Mu da muke shan ƙurar hunturu a garin nan mun san yadda take shiga ko'ina. Goge robar da tsumma mai ɗan laima, matse sandunan, kaɗa kwalin kafin ka saka domin bushewar iska na sa shi mannewa. In ta ƙi, canjin roba aikin mai gyara ne, ba ya kusa da jika 600.

Ka sani kuma ba ƙaramar firintar da ba ta gocewa da milimita ɗaya ko biyu, musamman da kwali mai kauri. Masu wayo ba sa faɗa da wannan, ɓoye shi suke yi a zane. Wannan siririn layin da ake kewaye kati da shi dab da baki, wanda masu biki ke so ƙwarai, shi ne babban mai tonon silili. Gocewa kaɗan, ido ya gani. Ka janye rubutu da layi aƙalla milimita 4 ko 5 daga inda wuƙa za ta bi, launin bango kuma ka bar shi ya zarce wurin yanka da milimita 3, don kada farin baki ya leƙo. Wajen jera abubuwa kuma ka daina yarda da ido da linzami. A saman CorelDRAW akwai gurbin X da Y masu nuna inda abu yake zaune a shafi, rubuta lambar da kanka. In kana zaɓar abubuwa ɗaya bayan ɗaya don ka daidaita su, wanda ka zaɓa a ƙarshe shi ne ke tsayawa, sauran su bi shi. Yara masu koyon aiki da yawa ba su san haka ba, sai su yi ta mamakin yadda sunan ango ya koma inda ba a aike shi ba.

Batun launi gajere ne. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Tawadar firinta kuwa kala huɗu ce, abin da ake kira CMYK, kuma ba ta iya fitar da shuɗin nan mai walƙiya ko kore shar da kake gani. Buɗe aikin bugawa da CMYK tun farko. Ƙananan baƙaƙen rubutu ka yi su da baƙar tawada zalla, K 100, don in ka haɗa su da launi huɗu, ƴar gocewa kaɗan za ta yi musu inuwa. Hoton amarya da aka turo ta WhatsApp kuma, ka ce a sake turowa a matsayin fayil, don turawar da aka saba matse hoto take yi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, don na gani da idona. Kwanaki na tarar da rigima a wani shago wajen Kasuwar Dole. An kai fayil wata kwamfuta aka buga kati ɗari uku, sai ga "ɗaurin auren ƴaƴanmu" ya fito da ƴan akwatuna a wurin ɗ da ƴ. Uban amarya na tsaye riƙe da kati ɗaya, yana juya shi, bai ce komai ba, shirun nan ya fi zagi ciwo. Nau'in rubutun da aka yi aikin da shi babu shi a kwamfuta ta biyu, wanda ya maye gurbinsa kuma bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Nau'in rubutu irin su Noto Sans da Charis SIL suna da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kuma kyauta ne. Kafin fayil ya bar hannunka, ko zuwa maƙwabci ko zuwa Kano wajen masu manyan injuna, zaɓi rubutun duka ka danna Ctrl da Q ya koma zane, sannan ka fitar da PDF. Amma ka ajiye kwafi ɗaya da ba a mayar ba, don da zarar ya zama zane ba ka iya gyara harafi, masu biki kuwa ba sa rabo da ɗage rana.

Yanzu ga inda kuɗinka ke zurarewa da gaske. Na fahimci kana buga aiki duka kafin mai shi ya gani. Daina. Buga ɗaya tak a kan ainihin kwalin da za a yi aikin da shi, ka yanke, ka miƙa masa ya karanta sunaye, rana da wurin ɗaurin aure, ya sa hannu a baya. Masu ɗab'i da Faransanci suna kiran wannan "bon à tirer". Daga nan, kuskuren suna nasa ne, gocewa da dushewar launi naka. Ka faɗa masa haka baki da baki, cikin fara'a, tun kafin a fara. Ka karɓi kafin alƙalami da zai biya kwali da tawada, rabin kuɗin aiki ya yi. Na san akwai nauyin ido, yawancin masu kawo aiki ƴan unguwa ne ko abokan masallaci, amma wanda zai kashe kuɗin goro da kayan lefe ba rabin kuɗin kati ne zai gagare shi ba. A farashinka kuma ka riƙa lissafa ƴan takardun gwaji, kada ka ɗauke su sadaka.

Sai ka samu ƙaramin littafi. Wata guda cur, duk takardar da ta lalace ka rubuta ranar, yawanta da dalili: fayil, saiti, jan takarda, ɗaukewar kuran a tsakiyar aiki, ko kuskuren mai aiki. In wata ya cika ka ga jan takarda ne ke kan gaba duk da an canja roba, ko kuma aiki ya yi maka yawa har kana mayar da mutane, to ka dawo da littafin mu zauna kan batun jika 600 ɗin. Ran nan ma abin da zan fara tambayar mai sayarwa shi ne nawa tawadarta take, kuma wa ke gyaranta a Damagaram.