Sa wa tsohuwar Peugeot 504 pawa sitiyari

Ɗan'uwa, kana tambaya ko za a iya mayar da sitiyarin 504 ɗinka mai pawa, tunda cunkoson Legas ya gama da kafaɗunka. Ana yi, kuma yana aiki lafiya. Hanyar da ta fi ita ce ta mai: ka shiga kasuwar Ladipo ka nemi cikakken saiti da aka kwance daga 504 ko 505 da ta zo da shi daga kamfani, wato rak (dogon ƙarfen da ke karkata tayoyin gaba idan ka juya sitiyari), famfo da mazauninsa, fuli, bel, tiyo biyu da tankin mai. Akwai na lantarki da ake ɗaurawa a sandar sitiyari, amma yana shan wuta, cajar tsohuwar mota kuwa ba lallai ta iya ɗaukarsa ba.

Sharuɗɗana biyu ne: kayan su fito daga mota guda, a kuma gwada tsawon rak ɗin da naka kafin ka biya. Na ga wadda aka yi wa haɗe-haɗe, bakanike ya yanke sandar sitiyari ya yi mata walda don ta shiga. A gareji lafiya ƙalau, amma da ta hau gadar Third Mainland sai ta fara rawa, tayoyin gaba kuma suka cinye ta gefe ɗaya. Ni dai ba na shiga motar da aka yi wa walda a sitiyari. Tsofaffin kayan kuma ka adana, mai sayen tsohuwar mota yakan tambaye su.