Jami'a ta ce kusan duk ɗalibanta na samun aiki, in yarda?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka amince da jami'ar injiniyancin da ke tallar cewa kusan duk ɗalibanta na samun aiki tun kafin su kammala. Ni dai ba na haɗiye irin wannan magana sai na tauna.

Fara da tambayar su wa aka ƙirga. Sau da yawa waɗanda suka yi rajista da ofishin nema wa ɗalibai aiki kaɗai ake lissafawa, a cire masu makin da bai kai ba da masu tafiya digiri na biyu. Wata makarantar ma takardun tayin aiki take ƙirgawa, alhali ɗalibi guda na iya riƙe uku.

Albashin da ake bugawa da manyan haruffa kuwa na mutum ɗaya ne ko biyu. Nemi na tsakiya, wato albashin da ke tsakiyar jeri in an jera su daga ƙarami zuwa babba, irin wanda NIRF, tsarin gwamnatin Indiya na auna matsayin manyan makarantu, ke karɓa daga gare su.

Sai ka duba sashe-sashe. Ɗaliban sashen kwamfuta su kan kwashe tayin, ɗan injiniyan gine-gine ya ƙare a kamfanin manhaja. Ka sami waɗanda suka gama bara, ka ji ko sun fara aikin da gaske.