Zoben Yakutu Mai Tauraro

TAMBAYA: Malam, an tallata mini zoben azurfa mai jan dutse a kasuwar Sabon Gari, wai yakutu mai tauraro ne. Yaya zan gane na gaske? Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Ɗan'uwa, ka kyauta da ka zaɓi azurfa, tunda zinariya ba ta halatta ga namiji ba. Yakutu dutse ne mai tauri ƙwarai, matakinsa 9 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, daimon ke da 10, don haka bakin wuƙa ba ya karce shi. Tauraron nan mai ƙafa 6 wasu siraran allurai ne a cikin dutsen ke haifar da shi, shi ya sa ake goge samansa ya yi tudu.

Ni idan an kawo mini, tocilan waya nake haskawa ina karkata zoben. Tauraron na gaske yakan bi hasken, ƙafafunsa da ɗan dishi-dishi, wata ma ta fi wata tsawo. Wanda ya fito tsaf kamar an zana da rula, ina zarginsa, domin tun 1947 aka fara ƙera irinsa a masana'anta a Amurka. Na ƙasashen Bama (Myanmar) da Siri Lanka kuwa suna da tsada sosai, in aka yi maka araha ka janye hannu.