Hajiya ta ce a kai mata jikarta yaye

Wata 'yar'uwa da ke aikin kula da tsofaffi a Ingila ta rubuto cewa ta haifi 'yarta a wata tara cif, amma nauyinta kilo 2.2 kacal. Yanzu yarinyar ta shekara ɗaya da rabi, har yau 'yar firit ce. Surukarta, Hajiya, ta matsa a kai mata ita Katsina yaye, wai a wata shida za ta murje da kunu da fura. Ita uwar kuma ga aikin dare ya sha mata kai. Ta tura ta?

'Yar'uwa, Allah Ya raya ta. Ni dai a ganina kada ki tura ta yanzu.

'Yarki ba bakwaini ba ce. Watanninta sun cika, girman ne bai cika ba, kuma sau da yawa hakan na faruwa idan mabiyiya ba ta isar da abinci sosai ba, musamman in uwa ta yi hawan jini da ciki. Kusan tara cikin goma na irin waɗannan yara kan kamo sa'o'insu kafin su cika shekara 2, don haka da sauran lokaci. Abin da likita ke bi shi ne tsayi, Hajiya kuwa kumatu take son gani. Jikin da ya saba da ƙaranci tun a ciki, idan aka ɗura masa ƙiba da gaggawa, kitse yake tarawa, kuma an danganta hakan da ciwon suga da hawan jini in an girma, wasu 'yan matan ma su balaga da wuri.

Idan ba ta kamo ba fa? Akwai allurar sinadarin girma. Amurka ta amince da ita ga irin waɗannan yara a 2001, daga shekara 2. Turai a 2003, amma sai yaro ya kai 4, kuma haka ake yi a Ingila. Kullum ake yin ta a ƙarƙashin fata, shekara da shekaru. Likita ba ya rubuta ta don ya ga yaro ƙarami, sai ya bi awon da aka jera tun daga haihuwa. Jan littafin nan na lafiyar yara da ake bayarwa a Ingila, wanda ake ɗiga mata alama a ciki duk ranar awo, ki riƙe shi kamar fasfo, kada a bar masa giɓin wata shida.

Sai takardu. Haihuwa a Ingila ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa sai in ɗaya cikin iyayen ɗan ƙasa ne ko yana da zaman dindindin. In ba ku nema mata biza ba, da zarar ta fita sai an nema kafin ta dawo. Kuma yaron da aka haifa a can yana da damar neman zama ɗan ƙasa in ya cika shekara 10, muddin bai wuce kwana 90 a waje ba a kowace shekara. Yayen wata shida zai taɓa wannan lissafin.

Maganar Hajiya kuwa, ba ke za ki ce mata a'a ba, ki bar maigidan ya lallaɓa mahaifiyarsa. Ya ce mata likita ne ke bibiyar jikarta, in hutu ya zo za ku kawo ta da kanku, mako uku ko huɗu. Kafin tafiyar ki karɓo mata maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, don yaron da ya tashi a Turai ba shi da garkuwarsa ko kaɗan.