Tambaya da Amsa: Tsohuwar kwamfutar tebur za ta iya zama rumbun bidiyo da hotunan gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar kwamfutar tebur, Dell OptiPlex 7010 mai Core i3 da RAM 4GB, tana ajiye a kan durowa ƙura na cin ta. Gidanmu babba ne, wayar kowa ta cika da bidiyon biki da suna da tafsirin azumi, kullum sai an goge wani abu kafin a ɗauki sabo. Akwai kuma fayafayen CD na bikin aurenmu. Za a iya mai da kwamfutar wurin ajiya da kowa zai riƙa kallo daga wayarsa ba tare da ƙona data ba? — Wani malamin makaranta daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za a iya, kuma kwamfutar taka ta fi ƙarfin aikin. Wannan samfurin ya fito ne a 2012, yana da ramin kebul mai gudun gigabit, kuma miƙa fayil daga faifai zuwa waya ba ya wahalar da Core i3. Kada wani mai gyara ya ce sai ka ƙara RAM. Kuɗinka ya tafi kan faifan ajiya da wuta, domin a nan ne ake yin asara.

Kafin komai, ka kunna ta ka kwashe CD ɗin nan zuwa cikin kwamfuta tun na'urar karanta faifan tana aiki. Faifan da aka buga a shagon masu bidiyo ba ya daɗewa, zafi da karce suna cinye shi, kuma idan na bikinku ya ƙi buɗewa babu kasuwar da za ka je ka sayo wani. Bayan haka ka kashe ta, ka cire wayar wuta, ka buɗe murfin a tsakar gida a hure ƙurar, musamman wadda ta daskare a fankar. A kan allon ciki za ka ga wani batir kamar kwabo, an rubuta CR2032 a jikinsa. Ka canza shi. Idan ya mutu, kwamfutar na manta kwanan wata da duk saitin da ka yi mata da zarar an ɗauke wuta.

Faifan ajiyar da ya zo da ita ya haura shekara goma yana juyawa, ni ba zan ɗora masa amanar hotunan iyali ba. Akwai manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo, tana nuna awannin da faifai ya yi yana aiki da ko ya fara samun ɓatattun gurabe. Shuɗi lafiya ne, rawaya gargaɗi ne. Idan ɗan gwanjo za ka saya, ka sa mai shagon ya jona shi ya buɗe manhajar a gabanka, wanda ya ƙi ka wuce shago na gaba. Faifai mai 2TB zai ɗauki hotunan waya dubu ɗaruruwa da bidiyo mai yawan gaske, tafsiri na sauti kuwa kusan ba ya cin wuri. Ka haɗa da ƙaramin SSD, wato faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa, ko mai 120GB ne, wanda manhajar gudanarwa za ta zauna a kai ita kaɗai.

Manhajar da nake ba da shawara ita ce OpenMediaVault. Kyauta ce, an gina ta a kan Debian, wani nau'in manhajar gudanarwa ta Linux, don wannan aikin aka yi ta. Microsoft ta daina sabunta Windows 10 na gama-gari a watan Oktoban 2025, kuma 7010 ba ta cikin waɗanda aka amince su ɗauki Windows 11, don haka ban ga dalilin riƙe Windows ba. Ana sauke OpenMediaVault a ɗora a filash, a tada kwamfutar da shi. Ka kula sosai a nan: duk faifan da ka zaɓa a girka ta a kai, za ta share shi tas. Ka cire wayar sauran fayafayen ka bar SSD kaɗai har a gama. Daga nan ba ka buƙatar allo ko madannai. Ka jona kwamfutar da rauta ta kebul, ka buɗe lambar adireshinta a burauzar wayarka, ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita, ka buɗe foldoji, ka kunna SMB, wato hanyar da wayoyi za su bi su ga foldojin.

Maganar data kuwa, rauta na haɗa na'urorin gida da junansu ko babu ko sisi a layin. Wayar za ta ce wannan Wi-Fi ba shi da intanet, ka ce mata ta zauna a kansa. A Android, manhajar kallon bidiyo ta VLC na ganin foldojin a sashen netwok na gida, a iPhone kuma manhajar Files na iya shiga. Idan ƙaramar MiFi ce da kai marar ramin kebul, sai ka nemi rauta ta tebur, ko tsohuwa ce. Nan gaba idan kuna son tsari mai hotunan bango kamar na Netflix akwai manhajar Jellyfin, amma girka ta na da ɗan aiki, kuma wannan Core i3 zai sha wuya wajen sauya nau'in bidiyon HEVC da sababbin wayoyi ke ɗauka. VLC a wayar yake buɗe bidiyon, bai dami kwamfutar ba. Ku fara da shi.

Ka raba foldojin da hankali. Karatu da tafsiri da darussan yara a bar su a buɗe, amma da izinin kallo kawai, don kada yaro ya goge. Hotunan kamu da na cikin ɗaki, inda mata suke ba lulluɓi, a sa musu suna da kalmar sirri, uwargida ta riƙe. Duk baƙon da aka ba lambar Wi-Fi zai ga abin da aka bari a buɗe. Kada kuma ka buɗe mata ƙofa ta intanet don ka riƙa kallo daga makaranta.

Sai wuta. Mu ɗauka tana jan wat 40. A awa 24 kusan yunit ɗaya ke nan, wajen 30 a wata, kuma ga wanda ke Band A, inda yunit ya haura naira 200 tun Afrilun 2024, ana maganar kusan naira 6,000. Ba dole ta kwana a kunne ba. A cikin BIOS na Dell, wato shafin saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfutar, akwai Auto On Time da ke tada ta a lokacin da ka sa, OpenMediaVault kuma na iya kashe ta da kanta. Daga la'asar zuwa goman dare ya ishi yawancin gidaje, kuɗin ya dawo kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ya fi damuna shi ne ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta fayil, da wutar da ke dawowa da ƙarfi. Idan akwai inbata ko sola a gidan, ka jona ta can. In babu, ƙaramar UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke, mai 650VA za ta ba ka 'yan mintunan kashe ta lafiya. Ka ajiye ta a kan teburi inda iska ke ratsawa, ba cikin kabad ba, domin a zafin Afrilu ɗakin kwano kan dafa faifai.

Faifai ɗaya kuma, Malam, ko sabo ne fil, zai iya mutuwa ba sallama. Fim da waƙa a sake saukewa, amma muryar mahaifi da ya rasu ba ta da kwafi a ko'ina. Ka ware folda ɗaya ta abubuwan da ba su da madadi, ka sayi faifan waje mai USB, duk ƙarshen wata ka kwafe ta, ka cire shi daga jikin kwamfutar, ka kai shi gidan ɗan'uwa. Ka gaya wa mutanen gida kada wani ya goge bidiyo daga wayarsa sai ya shiga faifai na biyun.