Zuwa ruwan Wikki da yara a lokacin hunturu

Malam, ka tambaya ko ya dace ka kai iyalinka wanka a ruwan ɗumi na Wikki da ke dajin Yankari a tsakiyar hunturu, ko sanyi zai kama yara. Ka kai su, babu komai. Ruwan daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, kuma ɗuminsa ba ya barin wajen digiri 31, dare da rana, rani da damina. Ni a ganina ma hunturun ya fi daɗi, domin da sassafe za ka ga tururi na tashi a kansa, ga shi garau har kana hango yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Sanyin a wajen fitowa yake, saboda haka a ajiye tawul da rigar sanyi kusa, yaro na fitowa a goge shi.

Sharaɗi ɗaya dai nake roƙonka da shi: kada ka bar yara su matsa gindin dutsen da ruwan ke fitowa. Nan zurfinsa ya kusa mita 2, yana iya shanye babba, kuma hasken ruwan yana ruɗin ido, sai a ɗauka bai kai haka ba. Ku tsaya can ƙasa inda ya yi faɗi, babba ɗaya na cikin ruwa tare da su. Abinci kuwa a bar shi a ɗaki a kulle, don biran wurin ba sa tsoron mutum, leda a hannun yaro fizgewa suke yi.