Amsa: Midwinter ko Simril? Kan daren da ya fi tsawo a Waterdeep

Ɗan'uwa, ina karanta tambayarka na ji kamar da ni kake. Ka shirya wasan Dungeons & Dragons (wasan ba da labari da jifan dayis) a birnin Waterdeep na duniyar wasan, a kan daren da ya fi kowane tsawo a shekara, ka kira shi Midwinter, wani a teburin ya ce ba haka ba ne. Abin haushin, gaskiyarsa ce. Amma irin mutumin nan ba ya taɓa jan ka gefe. Sai ka gama kwatanta dusar ƙanƙara da hayaƙin itace, kowa ya yi tsit, sannan ya ɗaga waya ya ce "a'a fa". Shi ke nan, shirin sati biyu ya bi ruwa, kowa ya koma gardamar kalanda, kai kuma ga ka da dayis a hannu kamar an watsa maka ruwan sanyi. Kuma ko shayi bai taɓa kawowa ba.

Matsalar daga kalandar Harptos take, wato kalandar duniyar wasan: wata 12, kowanne kwana 30, da ranakun biki 5 da ba sa cikin wani wata. Dare mafi tsawo 20 ga Nightal ne, watan ƙarshe na shekara. Midwinter kuwa tsakanin Hammer da Alturiak (wata na ɗaya da na biyu) take, kwana 41 bayan haka, ranar da manya ke sabunta ƙawance, talakawa kuma na ce mata Deadwinter Day.

Simril kake nema, bikin daren 20 ga Nightal. Mutanen Waterdeep na fita waje su kunna wuta, a yi waƙa, a sha abu mai ɗumi, kowa na neman tauraronsa na haihuwa ko na kakanninsa har gari ya waye. Sa gajimare ya rufe sama, don hango tauraro ta cikin hazo shi suke ɗauka albarkar Tymora, gunkiyar sa'a a wasan. Kowane ɗan wasa ya faɗi tauraronsa tun farko, ya jefa dayis na Perception (gwajin lura) a DC 15, wato makin da ake so ya kai, wanda ya ci ka ba shi Inspiration (tukuicin ƙarin sa'a a jifa) guda. Guda kawai. Ka ƙara, badi ma sai sun tambaye ka.

Sanyin ne ke kashe wasa. Dokar littafin DM (mai jan ragamar wasa) na 2014 ta ce in ya kai digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, a jefa Constitution (gwajin juriyar jiki) a DC 10 duk awa, wanda ya faɗi ya hau mataki ɗaya na gajiya, na 6 kuwa mutuwa. Mai kayan sanyi ba ya jifa. Kada ka sa su jifa a gefen wuta. Bari sai ɓarawo ya fizge mayafin wani an bi shi lungu.

Auril, gunkiyar sanyi, da rawar masu binta a kan ƙanƙara, ajiye su sai daren Midwinter. In akwai wanda bai son furta addu'ar gumakan wasa, ba da labarin kawai ku wuce.

Shi kuma gwanin, miƙa masa kalandar ya riƙa ƙirga muku kwanaki. Ka ga ko zai kai Hammer bai ɓata lissafi ba.